Wa ke biyan kuɗin wasan kwaikwayon Hausa? Zare daga Kurfi

1/ Zaren yau na tarihi ne, kuma da ɗan tsawo, ku gyara zama. Tun daga tashe har zuwa Kannywood, wa ke biyan kuɗin wasan kwaikwayonmu? In kana da ƙungiyar dirama, ko kina rubuta wasa kina neman tallafi, wannan naku ne. 🧵

2/ Ni ɗan Kurfi ne, ina karatu a Dutsin-Ma. A garuruwan nan biyu, da samari sun kafa ƙungiyar dirama, zancen farko shi ne "ina za mu samu tallafi?" Shi ya sa na bi tarihin abin. Kowane zamani da mai biyanshi, kuma mai biyan nan yana da baki a abin da za a faɗa a dandali. Kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi mashi aski.

3/ Mu faro daga gida. Ku tuna tashe. Azumi ya kai goma, yara su liƙa gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su bi gida gida da Macukule ko Jatau Mai Magani. Matan gida su ba da gero, ko dawa, ko 'yan kuɗi. In wasa ya yi armashi a cika maku ƙwarya. In ya yi lami a ce ku gaba.

4/ Wato mai kallo shi ne mai biya. Haka 'yan kama da 'yan gambara a kasuwa da gidan biki. Haka kalankuwa bayan kaka, inda samarin ƙauye ke naɗa junansu sarki da alƙali, gari ya haɗa abinci. Wasan gauta kau na fada ne: matan gidan sarki su kwaikwayi sarki da hakimai. Ana zolayar sarki, amma a cikin gidanshi, da yardarshi.

5/ Sai Bature ya zo da takarda. A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai. Abubakar Imam, lokacin yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya shiga da Ruwan Bagaja. Yayanshi Malam Bello Kagara ya shiga da Ganɗoki. Rubutaccen wasan kwaikwayo kuma East da kanshi ya buɗe ƙofa da Six Hausa Plays a shekarun 1930.

6/ Mi ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta kashe kuɗinta a nan? Makarantun da ta buɗe na buƙatar abin karantawa da boko. Don haka rubutaccen wasanmu a aji aka haife shi, kuma ya tashi da halin malamin aji: ya yi gargaɗi, ya wayar da kai. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya biyo baya, darasin tsabta ne a rigar wasa.

7/ Ga ɗaya gefen. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni, ana yin su a dandali, yana caccakar zalunci da halin En'e. Waɗannan wasannin ba su ga maɗaba'a ba a lokacin. Injin buga littafi yana hannun hukuma, shi kau da hukumar yake.

8/ Ku tambayi kakanninku majigi. Mota ta shigo gari da magariba, a kafa farin ƙyalle a fili, kowa ya fito da tabarma. Fim ɗin Baban Larai na cikin waɗanda aka fi tunawa, kuma darasin noma ne na zamani. Kallo kyauta ne, gwamnati ta biya, saƙon ma nata ne.

9/ Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, NORLA ta yi aiki daga 1953 zuwa 1959, NNPC ta Zariya ta zo a 1966. Ta wannan layin muka samu Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma, da Tabarmar Kunya. Ribar marubuci ita ce a sa littafinshi a manhaja, makarantu su saya da yawa.

10/ A 1962 gidan rediyo da talabijin na Arewa ya fara aiki a Kaduna. Nan ne daga baya 'yan wasa suka samu abin da ya yi kama da tsayayyen aiki: Usman Baba Pategi Samanja, Ƙasimu Yero, da namu na Katsina, marigayi Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi. Kyamara da ɗakin ɗauka da lokacin nunawa duk na gwamnati ne.

11/ Shekarun 1970 kuɗin fetur ya shigo. An kafa majalisar raya al'adu ta ƙasa, NCAC, a 1975. An yi FESTAC a 1977, da gagarumin hawan daba a Kaduna. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa fim da kuɗin gwamnatin tarayya. Lokacin ne al'ada ta fi jin ɗumin baitulmali.

12/ Kasagi ya fitar da Kulɓa Na Ɓarna a 1979, wasan da ke nuna yadda mai kuɗi ke lalata rayuwar 'yar makaranta. A farkon shekarun 1990 Hukumar Fina-finai ta Nijeriya ta mayar da shi fim, Brendan Shehu ya ba da umarni. Ku lura da hanyar: maɗaba'a, makaranta, talabijin, hukumar fim. Duk matakin akwai hannun gwamnati.

13/ Sai gasar Sashen Al'adu na Tarayya, wadda aka buga littattafanta a 1982. Katsinawa sun yi rawar gani: Sulaiman Ibrahim Katsina da Turmin Danya, Bature Gagare da Ƙarshen Alewa Ƙasa, Munir Muhammad Katsina da Zaɓi Naka. A wasan kwaikwayo, Soyayya Ta Fi Kuɗi na Hadi Abdullahi Alƙanci ya fito. Gasa guda ta haifi littattafan da har yau ake nazari a jami'a.

14/ A jami'ar Ahmadu Bello kuma wani salo ya ɓullo. Michael Etherton da abokan aikinshi sun fara koyar da dirama a Zariya a tsakiyar shekarun 1970, suka gina dandalin wasa na ƙasa a Samaru. Ɗalibai su je ƙauye, su zauna da manoma, su ji matsalarsu, a haɗa wasa tare da su. Ɗaya daga cikin garuruwan da aka yi haka ita ce Maska ta ƙasar Funtuwa, a jiharmu ta yanzu.

15/ Wannan salon ya ba talaka baki a dandali. Amma mota da abinci da masauki kuɗi ne. Da farko jami'a ta ɗauka, daga baya ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka shigo. Sannu a hankali sai jigon wasa ya riƙa zuwa tare da kuɗin: wannan na rigakafi, wancan na zaɓe, wancan na ƙanjamau. Tallafi ya ƙare, ƙungiya ta watse.

16/ Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ɗanɗana nasu. Zamanin Seyni Kountché, 1974 zuwa 1987, gwamnati ta raya ƙungiyoyin samariya, ana gasar wasan kwaikwayo tun daga unguwa har matakin ƙasa. Maraɗi da Damagaram sun cika da 'yan wasa, irin su Yazi Dogo suka yi suna a ƙasar. Sojan da ke mulki shi ke biya, shi ke sauraren abin da ake faɗa.

17/ Mu dawo gida. Farashin fetur ya faɗi, a 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP. Gidajen talabijin suka rage wasanni, takardar buga littafi ta yi tsada. Cikin wannan halin aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987. An fitar da manufar al'adu ta ƙasa a 1988, an yi dokar asusun tallafa wa fasaha a 1991. Har gobe masu fasaha na kiran a farfaɗo da asusun nan.

18/ To da gwamnati ta janye, mi ya faru? Ƙungiyoyin dirama na unguwannin Kano, irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa, suka koma aljihunsu. A 1990 Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin bidiyo mai suna Turmin Danya (sunan ne kawai ya zo ɗaya da littafin da na ambata). Daga nan Kannywood ta samo tushe.

19/ Ku duba da kyau: masana'antar da ta fi kowace ɗaukar matasan Hausa aikin wasa, da karo-karon 'yan ƙungiya da kuɗin mai sayen kaset ta tashi. Tashe ne ya dawo ta cikin akwatin bidiyo. Sai dai kasuwa ma ubangida ce. 'Yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai sun fi son fim mai waƙa da rawa, don shi ke tafiya. Sannan masu satar fasaha suka zo suka cinye ribar.

20/ Kafin mu zo yau, mu leƙa kudu mu ɗauko darasi biyu. A 1961 aka buɗe kulob ɗin Mbari a Ibadan, matattarar su Wole Soyinka da J. P. Clark. Tallafinshi daga wata ƙungiya yake zuwa mai suna Congress for Cultural Freedom. A 1966 zuwa 1967 asiri ya tonu cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ke zuba wa ƙungiyar kuɗi a ɓoye.

21/ Na biyu Hubert Ogunde. Tun tsakiyar shekarun 1940 yake yawo da ƙungiyarshi gari gari, da kuɗin ƙofa suke ci. A 1964 gwamnatin Jihar Yamma ta hana shi wasa a yankinta saboda Yoruba Ronu, wanda ya taɓa masu mulki. An toshe mashi yanki guda, amma ƙungiyar ba ta mutu ba, don ba daga hannunsu yake karɓar abinci ba.

22/ A namu zamanin, tashar Arewa24 da ta kawo mana Daɗin Kowa ta fara a 2014 da tallafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, ta hannun ƙungiyar Equal Access, da manufar yaƙar tsattsauran ra'ayi. Wannan ba a ɓoye yake ba. Marubuta da 'yan wasa da dama sun samu aiki. Daga baya tashar ta koma cin gashin kanta da tallace-tallace.

23/ Gwamnatin tarayya fa? A 2013 an ware Naira biliyan 3 don fina-finai a shirin Project ACT Nollywood. A 2019 Babban Banki ya fito da shirin masu fasaha, amma bashi ne da ruwa, kuma na fim da waƙa da ɗinki da kwamfuta ne. A 2016 an soke shirin gina ƙauyen fim a Kano bayan ƙorafin malamai. Mai wasan dandali da Hausa bai ga layinshi a ko ɗaya ba.

24/ Gasa ma haka. Kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG Dala 100,000 ce, tana zagayowa kan wasan kwaikwayo duk shekara huɗu, Ahmed Yerima ya ci a 2006. Da Turanci ake shiga. Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta gajerun labarai ce. Gasar tunawa da Injiniya Bashir Ƙaraye ta taɓa karrama wasan Malam Zalimu na Ado Ahmad Gidan Dabino, sai dai ba ta ɗore ba.

25/ To ƙungiyar dirama ta Kurfi ko Dutsin-Ma ya za ta yi? Tarihin nan bai ce a ƙi tallafi ba. Ya ce a je neman shi da ƙafafu a ƙasa. Ku yi rajista, ko a ƙaramar hukuma ku fara, sannan CAC. Ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu. Ma'aji ya rubuta ko Naira ɗari ce ta shiga.

26/ Ku yi wasa kafin ku nemi kuɗi, ku ɗauka ko da waya ce. Duk mai ba da tallafi tambayarshi ɗaya: mi kuka yi a baya, wa ya kalla? Gidauniyar Prince Claus ta ƙasar Holan na ba masu tasowa Yuro 5,000. Asusun UNESCO na raya al'adu na kaiwa Dala 100,000 ga ƙungiyoyi masu rajista. British Council da Goethe-Institut kan buɗe nasu lokaci lokaci.

27/ In an ce ga kuɗi, ku karanta sharuɗɗa har ƙasa. Wa zai mallaki wasan bayan an gama? Wa ke da ikon cire magana a ciki? In tallafin ya ƙare nan da wata shida, da mi za ku ci gaba? In ɗan siyasa ne ya sayi fitila da lasifika, ku sani ranar kamfe zai aiko a kira ku. Duk wanda kuma ya ce ku biya kafin a ba ku tallafi, ɗan damfara ne.

28/ Kada ku raina na kusa. Dutsin-Ma na da jami'ar tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga sakandare a Kurfi da kewaye. Dubban ɗalibai ke nan masu neman abin kallo. Tikiti mai rahusa, zauren makaranta, tallan mai shago a jikin ƙyalle, karo-karon wata wata. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

29/ Dalilin da ya sa abin ya dame ni: yankinmu na da labarai masu nauyi yanzu. Manomin da ya bar gonarshi saboda 'yan bindiga, uwar da ta sayar da akuyarta don kuɗin fansa, yaron da makarantarsu ta rufe. In kullum sai mai tallafi ya zaɓa mana jigo, waɗannan za su fito ne a yadda shi yake so, ko su ƙi fitowa sam.

30/ Nan zan tsaya. In akwai dattijo a gidanku da ya yi dirama a Kurfi, Dutsin-Ma, Safana ko Charanci, don Allah ku tambaye shi sunan ƙungiyarsu da wanda ya saya masu kayan wasa, ku ajiye mana a ƙasan zaren nan. Ku tura wa shugaban ƙungiyar diramar makarantarku.