Zangon Wagadugu da ruwan 1 ga Satumba

A Hausa, zango shi ne wurin da ayari kan sauke kaya ya kwana. Fataken goro masu bin hanyar Gwanja sukan ratsa ƙasar Mosawa, kuma a Wagadugu masaukinsu ya daɗe har ya zama unguwa, wadda ake kira Zangouettin. Unguwa ce ta ginin laka da masallatai da makarantun allo, dab da babbar kasuwar birnin.

Yau ba ta nan, kuma ba ruwa ne ya cinye ta ba. A shekarar 2003, zamanin Blaise Compaoré, gwamnati ta rushe ta tare da maƙwabtanta irin su Tiedpalogo da Peuloghin, ƙarƙashin shirin ZACA na gina sabuwar cibiyar kasuwanci. An ba mazauna filaye a gefen gari, wajen Ouaga 2000 da Nioko. Sun sami fili, amma sun yi nisa da kasuwar da ta ciyar da kakanninsu. Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin bayan shekara shida hukuma ta sake ɗauko irin wannan dabara, a karon nan don maganin ambaliya.

Wagadugu na zaune ne a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da ƙoramu da ke gangarawa zuwa madatsun ruwa uku a arewacin tsakiyar gari. Ranar 1 ga Satumba 2009 aka yi ruwa na milimita 263 cikin kimanin sa'o'i goma sha biyu, wato kusan sulusin abin da birnin ke samu a damina guda. Magudanai suka cika, madatsun suka tumbatsa. Unguwannin da ke bakinsu, irin su Dapoya da Paspanga, suka koma kamar tsibirai, ba shiga ba fita. Ginin laka kuwa ba ya jure tsayuwar ruwa: da zarar gindin bango ya jiƙa, sai ɗaki ya zauna. Kimanin mutum 150,000 suka rasa matsuguni, aka tsugunar da da yawansu a makarantu. Ruwa ya shiga babban asibitin Yalgado Ouédraogo har aka kwashe marasa lafiya, ya kuma lalata wani ɓangare na ma'ajiyar finafinan Afirka da ke ofishin FESPACO.

Kafin shekarar ta ƙare, gwamnati ta kafa dokar hana gini a bakin manyan magudanai da wuraren da ruwa ke kwanciya. Ta kuma yanka filaye a Yagma, mai nisan kimanin kilomita ashirin arewa da tsakiyar gari, ta raba wa waɗanda abin ya shafa tare da siminti da kwanon rufi. A takarda, shirin ba shi da aibu, tun da Yagma tudu ne in an kwatanta da bakin madatsa. Sai dai mai sayar da ƙosai da ɗan dako da mai noman lambu a gefen ruwa ba su ga abin da za su ci a can ba. A farkon zaman, hanya ba ta da kyau, ruwan sha ya yi ƙaranci, kuɗin zuwa gari kuma yana cinye ribar yini. Da dama suka sayar da filayensu suka koma kwarin da suka baro. Ba wauta ba ce. Lissafi ne na wanda ya auna ambaliyar da ke zuwa jefi-jefi da yunwar da ke zuwa kullum.

An ci gaba da aikin magudanai, musamman wanda ake kira na Mogho Naaba, kuma inda aka shimfiɗa siminti ruwa yakan wuce da sauri, in dai shara ba ta toshe shi ba. Duk da haka birnin yana faɗaɗa fiye da yadda ake haƙa masa hanyoyin ruwa. A watan Satumba na 2020 ruwa ya sake mamaye unguwanni, har gwamnati ta ayyana halin bala'i a ƙasar.