Ciwon baya da na wuya da ya ƙi tafiya: abin da ya kamata mu sani

Da an gama girbi an shiga kai damma rumbu, sai koken ciwon baya ya yi yawa a garuruwanmu, tun daga Gazawa da Gangara, a biyo ta Agye da Cadawa, har Tibiri da Gidan Rumji. Wani da ya huta kwana biyu sai ya ware. Wani kuwa abin ya zame masa abokin zama, ya kwana da shi ya tashi da shi. Wannan na biyun ne muke son mu duba yau.

A wurin ma'aikatan lafiya, ciwon da ya wuce wata 3 bai bari ba shi ake kira mai daɗewa. Kuma ba mu kaɗai ke fama da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙugu, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke hana mutane aikinsu a duniya.

Gadon baya ba ƙashi guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne aka jera wani bisa wani: 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sauran sun haɗe a can ƙasa. Tsakaninsu akwai wani abu mai taushi kamar gammo, ga nama da jijiyoyi sun ɗaure su, ga laka ta ratsa ta tsakiya tana aika rassa zuwa hannuwa da ƙafafu. In aka matse ɗaya daga cikin rassan nan, shi ne za ka ji mutum na cewa ciwon yana sauka masa ta cinya har tafin ƙafa. Amma cikin mutum 10 masu ciwon ƙugu, kusan 9 ba a samun wata cuta guda da za a nuna a ce ga ta. Jiki ne ya gaji da nauyi da duƙo, a haɗa da ƙarancin barci da damuwa. Shi ya sa hoton ƙashi, wanda a likita ake ce wa rediyo (ba irin tamu mai magana ba), sau da yawa ba ya nuna abin da zai canza magani. In majo ya ce ba sai an yi shi ba, ba rowa ya yi maka ba.

Mun sani a ƙauye akan ce basir ne, ko sanyi ne ya shige shi. Ba mu zo jayayya kan suna ba. Abin da ke damunmu shi ne kada sunan ya sa a zauna gida da ciwon da ba na zama ba.

Alamun da ba a jira da su

Wuya ya sage tare da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da amai, musamman daga lokacin hunturu zuwa bazara: wannan sanƙarau ake tsoro, jihar Maradi kuwa tana cikin yankin da yake yawan ɓulla. A tafi CSI a ranar, ko da dare ne.

Haka nan in ƙafafu suka fara mutuwa, ko mutum ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko ya kasa yin fitsarin, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi. Jijiya ce ta matsu, kuma jinkirin kwana ɗaya na iya barin mutum da naƙasa.

Akwai kuma wanda ke cin mutane a hankali. Ciwon baya mai hana barci, ga rama, ga gumin dare, ga zazzaɓi sama-sama, wani lokaci har ƙusumbi ya fara fitowa: ƙwayar tarin fuka ce takan kama ƙashin baya, ko da mutum ba ya tari. Tana da magani, kuma kyauta ake ba da shi a Nijar, sai dai ana shan sa watanni ba fashi. Makiyaya da masu shan ɗanyen nonon da ba a tafasa ba su ma su faɗa wa likita hakan, don akwai cutar dabbobi da ke shiga mutum ta nono ta sauka a baya. Wanda ya faɗo daga amalanke ko babur, mai sikila, mai jin zafin fitsari tare da ciwon kwiɓi, da mace mai ciki da ciwon ya zo mata da zubar jini ko ruwa, duk ba masu jira ba ne. Daga CSI ake tura mutum likitar gunduma kamar ta Agye ko ta Gidan Rumji, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce Maradi.

Aikin yau da kullum

In an duba babu ko ɗaya cikin waɗannan, to sai maganar zama da ciwon. Abu na farko, wanda ya fi wuyar karɓa: kwanciya ba magani ba ce. Hutun yini ɗaya ko biyu ba laifi in abin ya tashi, amma wanda ya shafe mako bisa tabarma namansa ne zai saki, ya tashi ya fi da ciwo. A rage aikin, kada a bar shi.

Bidon lita 25 kilo 25 ne, ko a kai ko a hannu. Yarinyar da ke ɗaukar sa sau huɗu ko biyar a yini tun ƙashinta bai ƙosa ba, wuyanta ke biyan kuɗin ruwan gidan. A raba shi biyu, ko a haɗa kuɗi a sa jaki da amalanke. In ba makawa sai an ɗauka, a yi gammo mai kauri, a samu mai ɗora wa da mai saukewa, don lokacin cicciɓa da saukewa ne aka fi jin rauni. Buhu mai kilo 100 kuwa, mu dai a ganinmu ba kayan mutum ɗaya ba ne, duk ƙarfinsa. Wajen ɗaga kaya daga ƙasa a matso kusa da shi, a lanƙwasa gwiwa, a manna shi da jiki, in za a juya a juya da ƙafafu, kada a murɗa ƙugu.

A gona, inda ƙasa jigawa ce, hauyar tsaye mai doguwar ƙota ta fi ta duƙe sauƙi ga mai ciwon baya. Inda ba ta shiga, a riƙa miƙewa bayan kowace kunya ko biyu, a dafa ƙugu a ɗan banƙare. Masu tonon aya a yankin Agye da Cadawa su ne muka fi tausaya wa: yini cur a duƙe ana tono ana tankaɗe rairayi, kuma mafi yawa mata ne da yara. A riƙa karɓa-karɓa tsakanin mai tono, mai kwasa da mai tankaɗe, kowa ya canza yadda jikinsa yake. Haka daka da jan guga. Wanki da tsintar hatsi kuma a ɗora su bisa wani abu mai tudu, a zauna kan kujera.

Ƴan kabu-kabu, direbobi, teloli da masu yini kai a sunkuye bisa salula, nasu daga zama ne. Kan babban mutum ya kai wajen kilo 5, wuya ke riƙe da shi. A tashi a taka duk bayan rabin awa, a ɗago salula daidai fuska.

Motsa jiki ba sai da kuɗi ba. Tafiyar ƙafa minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya. A kwanta rigingine a jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, a riƙe kaɗan, a canza. A durƙusa bisa hannu da gwiwa, a ɗaga baya sama a sauke a hankali, sau 10. Don wuya, a ja haɓa ciki, a waiwaya dama da hagu ba da fizga ba. Ɗan zafi a farko ba ya nufin ana ɓata wani abu. Wanda ke harbawa zuwa ƙafa ko hannu shi ne ke cewa a dakata. Da dare a kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, na kai kuma kada ya yi tudu. Tsumma a ruwan ɗumi yana sassauta wurin. Wanda ruku'u da sujada ke yi wa wuya, malamanmu sun sha faɗa cewa addini ya yarda ya yi salla a zaune.

Maganar ƙwayoyi

Nan ne aka fi cutuwa. A watan Disamba na 2023, OMS ta fitar da jagora kan ciwon ƙugu mai daɗewa. Ta goyi bayan wayar da kai, motsa jiki, tausa da gashin ƙashi irin na masu kine, da magunguna irin su ibuprofen da diklofenak. Ta ce kada a dogara da belin ɗaure ƙugu, da jan baya da na'ura, da ƙwayoyi dangin tramol.

Tramol yana rufe zafi, mutum ya ci gaba da aikin da ke karya shi. Bayan ɗan lokaci guda ba ta isa, sai biyu, sai huɗu, daga nan sai farfaɗiya da kasa rabuwa da shi. Wanda ya riga ya saba kada ya yanke rana ɗaya, ya je a rage masa sannu a hankali. Ibuprofen da diklofenak ma na ɗan lokaci ne, kuma bayan an ci abinci. Shan su kullum yana ƙwaƙule ciki har ya yi jini, yana kuma lalata ƙoda, balle ga wanda ya yini cikin rana bai sha ruwa ba. Mai gyambon ciki, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda da mace mai ciki kada su taɓa su sai da izinin likita. Paracetamol kada babba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu 500. Haɗin da masu yawo da magani ke ƙullawa a leda ranar kasuwa, ja da fari da rawaya, mai sayarwar kansa ba lallai ya san abin da ke ciki ba.

Ƙaho da tausa wasu suna jin sauƙi da su na ɗan lokaci. Sharaɗi dai aska ta zama sabuwa, kowa da tasa. Amma taka bayan mutum da ƙafa ko murɗe masa wuya, wannan kada a yarda, musamman ga tsoho ko wanda ba a bincika ba.

Ƴan uwa da ke Agadas, Libiya, Aljeriya, Legas ko Abijan, ku ma kuna da hannu a ciki. In tsohuwa ta buga waya ta ce baya ya hana ta sakat, ku fara tambaya: akwai zazzaɓi, tana rama, ƙafa na ɗaukar ta? Kwalin ƙwaya da beli mai tsada ba su ne suka fi amfani ba. Kuɗin mota zuwa likita, kuɗin niƙa a inji maimakon daka, da kuɗin mai kawo ruwa kullum sun fi rage mata ciwon. In kun aiko, ku ce wa wanda zai raka ta ya riƙo karnen likita da duk ledojin magungunan da take sha, a nuna wa majo.