Layin intanet biyu a ofis ɗaya: zaɓen adireshi da hanyar fita

Ranar 14 ga Maris 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Gana, Benin, Najeriya da maƙwabta. Gudun irin haka ne ƙananan ofisoshi da shagunan tura kuɗi ke ɗaukar layi biyu daga kamfanoni dabam-dabam. Sai dai haɗa layukan yana da ƙa'ida.

Inda matsalar take

Kowane kamfani yana ba abokin cinikinsa adireshin IP daga nasa rukunin. Duk ƙunshin bayanan da ya fita yana ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa, amma rauta ta saba duba na mai karɓa kawai. Idan ƙunshi mai adireshin kamfani na farko ya bi layin na biyu, ana iya zubar da shi, domin ƙa'idar BCP 38 ta shekarar 2000 ta nemi kamfanoni su tare adireshin da ba na layin ba, don maganin masu kai hari da adireshin bogi. Sai shafi ya ƙi buɗewa alhali layukan biyu lafiya lau suke.

Yadda ake magance ta

A tsarin IPv4, rauta takan sauya adireshin da dabarar NAT, ya dace da layin da za a bi. A IPv6 kuwa kwamfuta takan riƙe adireshi daga kowane kamfani, ta zaɓi ɗaya bisa ƙa'idojin RFC 6724 na 2012. A nan dole rauta ta duba adireshin mai aikawa, ta tura ƙunshin ga kamfanin da ya ba da shi. A Linux ana tsara haka da umarnin ip rule, a ware wa kowane layi nasa jadawalin hanya.

Manyan hukumomi kan karɓi adireshi nasu na kansu daga AFRINIC da ke Moris, su yi amfani da BGP, amma kuɗi da ƙwarewar da hakan ke buƙata sun fi ƙarfin ƙaramin ofis.

Abin lura

Idan layi ɗaya ya yanke, adireshi ya sauya, kiran da ake ciki ko aikin banki na iya katsewa. Kuma a Nijar da Cadi, da ba su da teku, kamfanoni biyu na iya dogara da waya ɗaya ta ƙasar maƙwabta. Kafin a biya kuɗin layi na biyu, a tambayi ta ina yake fita.