Tarihin Ƙwaya da Ƙwaƙwalwar Mutum

 Yau za mu bi tarihin wata tambaya: me ya sa wanda ya saba da shan ƙwaya yake kasa barinta?

Tun zamanin da, mutanen Masar da na Asiya sun san wani tsiro mai fure. In an tsaga ƙwallonsa, sai farin ƙaro ya fito. Ƙaron nan shi ake kira ofiyom. Yana kashe ciwo, yana sa barci. Amma ba wanda ya san yadda yake aiki cikin jiki.

Wajen shekarar 1805, wani mai haɗa magani a Jamus, sunansa Sertürner, ya tace ofiyom, ya fitar da abin da ke ba shi ƙarfi. Aka sa wa abin suna morfin. Likitoci suka yi murna, don ya taimaki masu rauni ƙwarai. Daga baya aka lura wasu sun warke, amma sun kasa rabuwa da maganin. A 1898 kamfanin Bayer ya fito da heroyin, wadda aka yi daga morfin, yana sayar da ita don tari. Aka ɗauka ita ba ta kama mutum. Ashe an gudu ba a tsira ba. A 1913 kamfanin ya daina yin ta.

Amsar tambayarmu ta fara fitowa a 1921. Wani malami a ƙasar Ostiriya, Otto Loewi, ya sa zuciyar kwaɗo cikin ruwan gishiri. Ya motsa jijiyarta, sai bugunta ya ragu. Ya ɗebi ruwan ya zuba wa zuciyar wani kwaɗo, ita ma bugunta ya ragu. Nan aka gane jijiya tana aika saƙo da wani sinadari da take fitarwa. Haka jijiyoyin ƙwaƙwalwarku suke magana da juna. Sinadarin kamar mabuɗi ne, jijiyar da ke karɓarsa tana da kuba daidai da shi.

A 1973, a Amurka, Candace Pert da Solomon Snyder suka gano kubar da morfin ke buɗewa cikin ƙwaƙwalwa. Sai aka yi mamaki: me ya kawo kubar nan jikin mutum? A 1975, a garin Aberdeen na ƙasar Birtaniya, John Hughes da Hans Kosterlitz suka samo dalili. Ƙwaƙwalwa tana yin nata maganin ciwo, kaɗan kaɗan, daidai bukata. Kubar tasa ce. Morfin baƙon mabuɗi ne da ya yi kama da na gida.

To, ga inda matsalar take. Baƙon mabuɗi ya fi na gida ƙarfi. In yana shiga kullum, sai ƙwaƙwalwa ta kare kanta, kubobin su rage amsawa. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. Ranar da aka rasa ta, sai ciwon jiki da zufa da zawo da rashin barci.

Tramol da kuka sani, a Jamus aka haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977. Shi ma kubar nan yake buɗewa. A hannun likita magani ne. In an sha da yawa don a daɗe ana noma ko tuƙi, yana iya kawo farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi.

Saboda haka, in ɗanku ko ƙanenku ya kamu, ku sani ƙwaƙwalwarsa ce ta saba. Duka da zagi ba su gyara ta. Ku kai shi asibiti, likita ya rage masa a hankali. Ku tattauna wannan a wurin karatunku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.