Ƙa'idar Hukuma da Dokar Majalisa: Nazarin Sauye-sauyen Ƙa'idojin Tarayyar Amurka, 2020–2025

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wasu ƙa'idoji da hukumomin tarayyar Amurka suka fitar a fannonin sufurin jiragen sama da gidaje da magunguna da kayan aikin asibiti, domin gano dalilin da ya sa wasu suka zauna daram, wasu kuma suka rushe. An bi hanyar kwatanta ƙa'idojin da dokokin da aka ɗora su a kai. Binciken ya gano cewa ɗorewar ƙa'ida ta dogara ne ga fitowar umarnin Majalisa ƙarara.

1.0 Gabatarwa

A tsarin Amurka, Majalisar Dokoki ce ke yin doka, hukumomi kuma su fayyace yadda za a aiwatar da ita. Wata doka ta 1946 ta wajabta wa hukuma ta buga daftarin ƙa'ida, ta saurari jama'a, sannan ta zartar. Tun daga shari'ar Chevron ta 1984 kotuna suka riƙa sakar wa hukumomi mara wajen fassara dokar da ba ta fito fili ba. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta soke wannan al'ada a shari'ar Loper Bright, ta mayar da fassarar doka hannun alƙalai.

2.0 Sufurin Jiragen Sama

Haɗurra biyu na jirgin Boeing 737 MAX, na Lion Air a 2018 da na Ethiopian Airlines a 2019, sun ci rayuka 346, har da Farfesa Pius Adesanmi, ɗan Nijeriya. Bincike ya nuna hukumar kula da sufurin jiragen sama ta FAA ta bar wa ma'aikatan kamfanin wani kaso na aikin tantance jirgin, wato an ba kura ajiyar nama. A Disambar 2020 Majalisa ta yi dokar da ta tsaurara tantancewar, kuma ta ɗore duk da sauyin gwamnati.

Ƙa'idoji biyu da Ma'aikatar Sufuri ta fitar a Afrilun 2024 sun fi nuna abin da maƙalar ke nufi. Ta farko ta ce a mayar wa fasinja kuɗinsa idan an soke tashin jirgi, ko an jinkirta shi awa 3 a cikin gida ko awa 6 a tafiyar ƙetare, muddin bai karɓi wani madadi ba. Wannan ya shafi mai tashi daga Legas zuwa Atlanta. Wata guda bayan haka Majalisa ta sanya haƙƙin a cikin doka. Ta biyu, wadda ta tilasta wa kamfanoni bayyana kuɗin kaya tun kafin sayen tikiti, ba ta sami wannan gata ba. Kamfanonin suka garzaya kotu, kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da ita a Yulin shekarar.

3.0 Gidaje

Dokar adalcin samun gidaje ta 1968 ta ɗora wa gwamnati yin hoɓɓasa wajen kawar da wariya, amma ba ta faɗi yadda za a yi ba. Ma'aikatar Gidaje ta fitar da ƙa'ida a 2015, aka soke ta a 2020, aka farfaɗo da wani ɓangare a 2021, aka sake janye shi a 2025. Birnin da ke karɓar tallafin tarayya bai san wane ma'auni zai riƙe ba.

4.0 Magunguna da Kayan Asibiti

A Disambar 2022 Majalisa ta cire sharaɗin da ya wajabta gwada sabon magani a jikin dabbobi kafin ɗan Adam. Na'urar taimaka wa ji ma, dokar 2017 ce ta umarci hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ta halatta sayar da ita ba tare da takardar likita ba ga manya masu matsakaicin raunin ji, ƙa'idar ta fara aiki a Oktoban 2022.

Akasin haka ya faru da gwaje-gwajen da ɗakunan bincike ke ƙirƙira da kansu. A Mayun 2024 FDA ta ce su ma kayan aikin asibiti ne, don haka suna ƙarƙashinta bisa wata doka ta 1976. Damuwar hukumar tana da tushe, domin gwajin cutar kansa da ya ba da sakamakon ƙarya na iya kai mara lafiya ga tiyatar da ba ya buƙata. Sai dai an sha kai ƙudurin doka kan batun gaban Majalisa bai wuce ba, hukumar ta yi gaban kanta. A Maris na 2025 wata kotun tarayya a Texas ta rushe ƙa'idar, ta ce gwajin hidima ce ta ƙwararru, ba na'ura ba.

A ganin mai wannan nazari, laifin ya fi rataya a wuyan Majalisa fiye da kotu ko hukuma: ita ce ta ga giɓin, ta ƙi cike shi.