Rabo da Masu Rabawa: Dace da Tsautsayi a Karatun 'Ya'yan Birnin Kudu da Gwaram

A shekarar 1943 wani akawu mai aiki a wurin haƙar kuza kusa da Jema'a, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, ya tsinci wani kan mutum na gasasshen yumɓu. Ya kai shi gonarsa ya mai da shi mutum-mutumi. Kan ya kai shekara yana gadin doya kafin ya faɗa hannun wani matashin jami'in mulkin mallaka a Jos, Bernard Fagg, wanda ya karanta ilimin tono kayan tarihi a Jami'ar Kambirij. Fagg ya lura da kamanninsa da wani ɗan gunki da aka haƙo a Nok tun 1928, kuma daga nan duniya ta san wayewar Nok. Shi kuwa sai ya bar aikin mulki ya rungumi tarihi: ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya shugabanci sashen kayan tarihi na Nijeriya, ya ƙare da riƙon gidan tarihi na Pitt Rivers a Ingila.

Wannan aiki ne ya kawo shi Birnin Kudu a 1955, wajen zanen shanun da ke jikin duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude. A nan ya ci karo da duwatsun da in an buga su suke amo kamar ƙararrawa, ya rubuta maƙala a kansu a shekarar da ta biyo. Mutanen garin sun san duwatsun tun kaka da kakanni, yara sun sha buga su. Akawun nan ma shi ya fara riƙe kan yumɓun, ga shi ko sunansa ba a cika ambata ba. Tsintuwa ɗaya ce, amma ɗaya ta kore masa tsuntsaye, ɗaya ta gina masa rayuwa.

Bahaushe bai rasa kalmomin wannan fage ba. Akwai sa'a da dace da gam-da-katar a ɓangaren daɗi, akwai tsautsayi da akasi da rashin sa'a a ɗaya ɓangaren, sannan a saman su duka akwai ƙaddara da rabo, waɗanda da zarar an ambace su an rufe magana. Abin da nake so in kafa hujja a kai shi ne: dace yana juya akalar karatu da aikin mutum fiye da yadda masu nasara suke son yarda, amma wanda dacen yake samu, da yawan abin da tsautsayi yake ci wa mutum, al'amura ne da hannun ɗan Adam ya tsara, kuma ana iya bin sawunsu. Kalmar rabo kanta daga raba ta fito. Tana nufin abin da Allah Ya hukunta wa bawa, tana kuma nufin aikin wanda ya zauna da kwano yana kasawa. Mun daɗe muna fakewa da ma'anar farko don kada a tambaye mu ta biyu.

Masana halayyar ɗan Adam sun jima suna kauce wa batun, don abin da ba ya kintatuwa ba ya shiga ma'auninsu. Albert Bandura ne ya tunkare shi a wata maƙala ta 1982 kan haɗuwar ba-zata da yadda take karkata rayuwa. Shi kansa haka ya shiga fannin: yana ɗalibi a wata jami'a a Kanada, yana bin motar wasu abokai masu darasin sassafe, sai ya nemi wani darasi da zai cike masa lokacin jira, ya faɗa kan ilimin halayya, ya kuma zama ɗaya daga cikin manyansa. Matsayarsa ita ce ilimi ba zai iya faɗin ranar da haɗuwar za ta auku ba, amma zai iya bayyana dalilin da ya sa take kama wani ta bar wani: abin da mutum ya riga ya iya, da irin jama'ar da ta karɓe shi bayan haɗuwar. Robert Merton kuma tun 1968 ya nuna yadda ɗan fifiko kaɗan na farko yake haihuwar wani, har tazarar taku ɗaya ta zama ta tafiyar yini. Na yarda da su duka, sai dai Bandura yana magana ne daga ƙasar da in ɗalibi ya rasa wannan darasi akwai wani gobe. A ƙasar Gwaram tambayar farko ita ce ko ƙofar za ta sake buɗewa.

A ɗauki Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu. Abdullahi Umar Ganduje ya yi karatu a cikinta daga 1964 zuwa 1968, Aliko Ɗangote ma ya ratsa ta. Tarihin Ɗangote da kansa yana da irin wannan karkata: mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara takwas, ya tashi a hannun kakansa na wajen uwa, Alhaji Sanusi Ɗantata. Maraici tsautsayi ne ko'ina, amma maraya a gidan Ɗantata da maraya a gidan manomin da ke da gona ɗaya ba faɗuwa ɗaya suka yi ba. Ɗaya kan katifa ya sauka. Haka zaman makarantar a garin. Yaron da ya tashi yana ganin ɗalibai cikin fararen kaya suna shigowa kasuwa, ko mahaifiyarsa tana sayar musu da ƙosai, ya san akwai wani abu bayan firamare. Takwaransa na wani ƙauye can bayan Basirka ko Fagam, mai kaifin kai irin nasa, zai iya girma bai taɓa magana da ɗan sakandare ba. Ba wanda ya zaɓi inda za a yanke masa cibiya, amma wani ne ya zauna ya zaɓi inda za a gina makaranta.

A zamanin En'e abin ya fi haka ban mamaki. Ana aiko wa dagaci da adadin yaran da zai bayar, iyaye suna ɓoye nasu a rumbu ko su tura su gabas karatun allo, sai a kama ɗan wanda ba shi da bakin magana, ko maraya, ko ɗan bara. Ranar da aka tafi da shi gidansu kuka ake yi kamar an yi mutuwa. Bayan shekara ashirin shi ne akawu, shi ne malamin asibiti, 'ya'yan waɗanda suka ɓuya suna zuwa gaishe shi. A nan karin maganar nan ta wani hanin ga Allah baiwa ne ta samu wurin zama. Sule Lamido ya fito daga Bamaina ya je Kwalejin Barewa ta Zariya, ya shiga Majalisar Wakilai a 1979 ƙarƙashin jam'iyyar PRP, ya zama ministan harkokin waje a 1999, ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015. In an karanto irin wannan tarihi daga ƙarshe zuwa farko sai ya zama kamar miƙaƙƙen titi. Matsalar ita ce masu nasara kaɗai ake rubuta wa tarihi. Sa'o'insu da suka tsaya a aji huɗu ba mai neman jin ta bakinsu, don haka lissafinmu na rawar da dace yake takawa kullum gurgu ne.

Ni na san ɗaya daga cikin waɗanda ba a tambaya. A ƙauyenmu na ƙasar Gwaram, shekarar da za mu rubuta jarrabawar shiga sakandare, sai da hoto ake cike fom. Mai hoto ya zo daga gari a kan babur, rana ɗaya tak. Aka rataya jan zane a bangon aji, aka samo farar riga guda muna karɓa-karɓa, wuyanta duk ya jiƙe da gumi kafin a zo kaina. Abokina, wanda duk ajin muke kwafar lissafinsa, ba ya nan. Ranar ta faɗo a kasuwar Sara, mahaifinsa ya tafi da shi ya riƙe masa awaki. Da magariba hedimasta ya taka har ƙofar gidansu, ina biye da shi da fitila. Ya ce, “Malam, gobe da sassafe takardun nan za su tafi, yaron nan kuwa shi ne idon ajin.” Dattijon ya yi shiru, ya ce, “Allah Ya ba ka haƙuri, Malam. In da rabo, sai baɗi.” Baɗi ta zo ta tarar da dattijon a kwance, yaro ya gaji garma. Daga nan cirani, daga cirani acaɓa, yanzu yana sayen hatsi yana kaiwa kudu. Ba zan ce ya taɓe ba, don ya fi ni rumbu, wataƙila ya fi ni kwanciyar hankali. Amma likita ko injiniyan da ke cikinsa jan zanen nan ne ya raba shi da shi. Zuwan ranar kasuwa daidai da ranar hoto akasi ne. Kasancewar ranar hoto ɗaya ce, kuma ba hanyar cike fom daga baya, wannan tsari ne.

Shekarar haihuwa ma caca ce. Wanda ya isa shiga makaranta a 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, ya tarar da aji a ƙauyensu. Yayansa da ya girme shi da shekara biyar bai tarar ba. Shirin ya buƙaci malamai da gaggawa, samari da yawa suka shiga aikin koyarwa ba don sun taɓa mafarkinsa ba. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jigawa daga Kano, aka wayi gari sabuwar jiha tana neman daraktoci da manyan sakatarori a Dutse, ma'aikacin da ke tsakiyar layi a Kano ya tsinci kansa a gaba. Ali Sa'ad Birnin Kudu ya zama gwamnan farar hula na farko a Janairun 1992, juyin mulkin Abacha na Nuwamban 1993 ya katse wa'adinsa bai cika shekara biyu ba, tare da duk waɗanda suka hau da hawansa.

Cacar yau ta fi dabara wajen ɓuya. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 ya ci kusan wata tara, na 2022 ya ci takwas. A takarda kowane ɗalibi asara ɗaya ya yi. Amma dokar hidimar ƙasa ta ɗauke wa wanda ya haura shekara talatin lokacin kammala digiri, kuma yawancin masu ɗaukar sabbin ma'aikata suna sa iyakar shekaru. Ɗan birnin da ya shiga jami'a yana sha bakwai yana da rarar da zai kashe. Ɗan ƙauyen da ya fara boko a makare bayan ya sauke allo, ya kuma zauna shekara biyu yana tara kuɗin jarrabawa, wata goma sha bakwai ɗin nan su ne za su tura shi bayan layi. Haka jarrabawar shiga jami'a da ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015: akwai wanda ranar jarrabawa ce ranarsa ta farko da zama gaban na'urar. Ga 'ya mace kuwa tazarar ta fi ƙunci, don in ta rasa gurbi bana, kafin baɗi an kawo kuɗin gaisuwa.

Za a ce wannan magana tana rage wa ƙoƙari daraja, ko tana ja da ƙaddara. Ta farko ba ta da ƙarfi: Fagg ya gane kan yumɓun ne saboda karatun da ya riga ya yi, kuma ɗalibin da ya samu gurbi a kan dace sai ya yi karatu kafin ya fita. Ta biyu ita ce ta cancanci amsa, kuma amsar tana cikin gida. Lokacin da Halifa Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya ba shi misalin makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa cikin ƙaddara yake, amma wannan bai sauke masa nauyin zaɓen mai ciyawa ba. Wanda ya rasa yana da haƙƙin ya ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, don da ita zuciya take samun sanyi. Jami'in da ya sa ranar rajista guda a tsakiyar damina, lokacin da rafi ya cika kuma kowane hannu yana gona, ba shi da wannan haƙƙi, domin shi ne mai kasawa.

An ƙara ƙofofi, wannan gaskiya ne. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011, akwai ta jiha a Kafin Hausa tun 2013, akwai makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kudu kusa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, akwai makarantar yara masu hazaƙa a Bamaina. Sai dai ma'aunin da nake ganin ya dace a auna su da shi ba yawan gine-gine ba ne. Sau nawa ake barin yaro ya ƙwanƙwasa? Makarantar masu hazaƙa ma sai wanda labarin jarrabawarta ya iske, ya kuma samu kuɗin mota, take gani.

Bara na haɗu da abokin nan nawa a tashar Birnin Kudu, da 'yarsa a gefe riƙe da fayil. Wani mai shagon kwamfuta ya rubuta sunanta da harafi ɗaya daban da na katin ɗan ƙasa, rajistar jarrabawa ta ƙi shiga. Zuwansu na uku ke nan daga Gwaram. Na tuna masa da jan zane, ya yi dariya ya ce, “Malam, ai kowa da rabonsa.” Na ce to yau fa, ba ranar Sara ba ce? Ya ce ita ce, ya bar wa yaronsa buhunan. Ya duba rana, ya ce wa yarinyar ta ɗauko fayil su ƙarasa kafin a tashi daga ofis.