Wasan Rust: yadda mai wasa shi kaɗai ke tsira da ransa

Rust wasan kwamfuta ne da ake yi ta intanet, inda mutane da dama, wani lokaci har ɗaruruwa, ke haɗuwa a tsibiri guda, kowa na neman abin da zai rayu da shi.

Kamfanin Facepunch Studios na Birtaniya, wanda Garry Newman ya kafa, shi ne ya fitar da wasan a matsayin gwaji a watan Disambar 2013, sannan ya kammala shi a watan Fabrairun 2018.

Da yawa daga cikin masu wasan kan haɗa kai ne su yi gungu. Amma akwai masu shiga su kaɗai, kuma su ne suka fi shan wuya.

Asalin wasan

Masu Rust sun samo tunaninsa ne daga wani wasa mai suna DayZ, wanda Dean Hall, tsohon sojan ƙasar New Zealand, ya ƙirƙiro a 2012, bayan wani horon rayuwa a daji da ya yi a Brunei.

Abin da ya haɗa wasannin biyu shi ne tsoron asara. Duk wanda aka kashe ya rabu da kayan da ke jikinsa ke nan, wanda ya kashe shi kuma ya kwashe.

A Rust mutum kan farka ne a bakin teku, ba shi da komai sai dutse guda da sandar wuta. Da dutsen zai sari itace, ya fasa duwatsu, ya ƙera kwari da baka, ya gina ɗaki.

Akwai yunwa da ƙishirwa da sanyi da namun daji. To amma babban haɗarin shi ne sauran mutane, domin babu dokar da ta hana kowa kashe kowa.

Matsalar mai wasa shi kaɗai

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Gungun mutum biyar kan raba aiki: wani na haƙar ma'adinai, wani na gini, wani na gadi. Idan ɗayansu ya faɗi a wurin faɗa, 'yan uwansa za su tashe shi ko su tsare masa kayansa.

Mai wasa shi kaɗai kuwa dukkan ayyukan nan a kansa suke.

Bugu da ƙari, wasan ba ya tsayawa don mutum ya kashe kwamfutarsa. Jikinsa na cikin wasan kan kwanta barci a inda ya bar shi, gidansa kuma na nan tsaye. Shi ya sa ake yawan fasa gidaje a lokacin da masu su ba sa nan.

Wannan ya fi shafar waɗanda ke zaune a inda wutar lantarki ko intanet ke yawan ɗaukewa, domin layi na iya yankewa mutum na tsakiyar daji da kaya a hannu.

Lissafin kai hari

Fasa gida ba kyauta ba ne. Sai an yi amfani da nakiya ko roka, su kuma ana haɗa su ne da farar wuta, wadda ake shan wahala kafin a haƙo.

Alal misali, bangon dutse guda na bukatar manyan nakiyoyi 2 ko rokoki 4 kafin ya rushe.

Saboda haka duk gungun da zai kai hari sai ya auna ko abin da zai samu a ciki ya kai abin da zai kashe. A nan ne mafitar mai wasa shi kaɗai take. Tunda ba zai iya hana su shiga ba, sai ya sa su ga cewa gidansa bai cancanci wahalar ba.

Dabarun da aka fi bi

Na farko, ƙaramin gida a wurin da ba a cika bi ba, kamar cikin kurmi ko bayan dutse, nesa da manyan hanyoyi. Babban gida na jan ido, kuma yana cin kaya, domin kowane gini na da kabad da ake zuba wa itace da dutse da ƙarfe, in suka ƙare sai ya fara ruɓewa.

Na biyu, ƙofa biyu a jere. Mutum ya rufe ta ciki kafin ya buɗe ta waje, don ko an harbe shi a bakin ƙofa, maharin ba zai samu shiga ba.

Na uku, raba dukiya. Akan binne wasu kaya a ƙasa cikin ƙaramar jaka, ko a gina ɗaki na biyu a wani wuri, ta yadda hari ɗaya ba zai mayar da mutum farko ba.

Na huɗu, shimfiɗun barci. Wanda ya mutu na iya farkawa a kan shimfiɗar da ya ajiye, don haka akan watsa su a wurare daban-daban.

Na biyar, amfani da wuraren da aka haramta faɗa, wato Outpost da Bandit Camp, inda ake saye da sayarwa, ake kuma narkar da tarkace a samu kayan aiki.

Na ƙarshe shi ne sanin lokacin komawa gida. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne: wanda jakarsa ta cika amma ya tsaya neman ƙari, sau da yawa shi ke komawa hannu rabbana. Haka nan ƙarar bindiga kan kira maƙwabta, abin da ya sa wasu ke gwammace kwari da baka, ko ma su laɓe har gungu ya wuce.

Sake lale

A ranar Alhamis ta farko a kowane wata, kamfanin kan sabunta wasan, a share dukkan gine-gine, kowa ya koma bakin teku da dutsensa. Wasu fagagen wasan ma mako-mako suke yin hakan.

Sa'o'in farko bayan sharewar su ne babbar damar mai wasa shi kaɗai, tunda manyan gungu ba su riga sun tara makamai ba.

Akwai kuma fagagen da aka keɓe wa mutum ɗaya-ɗaya, ko biyu, ko uku, inda ake korar duk wanda aka kama ya wuce adadin.

Abin da wasan ke ci

An tsara Rust ne domin manya, saboda kashe-kashen da ke cikinsa, kuma 'yan wasa na jin muryoyin juna, wani lokaci har da zage-zage.

Sai dai babban abin da yake ci shi ne lokaci. Tsoron a fasa gida na iya hana mutum barci, alhali kuwa duk abin da ya tara ba zai wuce 'yan makonni ba.